Gargaɗi Ga Masu Jan Kaya Da Jif: Inji Zai Ja, Birki Ne Ba Zai Riƙe Ba

Wannan gargaɗi ne ga duk mai jif da ke ɗaura wani abu a bayan motarsa ya ja, ko ƙaramar tirela ce, ko janareta mai taya, ko tankin ruwa, ko injin kwaɓa siminti, ko motar da ta mutu a hanya. Ya kuma shafi 'yan uwanmu mazauna Amurka da Turai masu sayen ɗakin nan mai taya, ɗakin tafi-da-gidanka da ake jona wa mota a tafi hutu da iyali. Kafin ka sake tayar da mota da irin wannan kaya a baya, ka tsaya ka karanta.

Maganar ɗaya ce. Injin jif yana iya jan nauyin da ya fi ƙarfin birkinsa nesa ba kusa ba. Ka taka totur, mota ta amsa, kaya ya biyo ka sumul, sai zuciyarka ta ce ai motar nan ƙarfi gare ta. Ƙarfin da ka ji na tafiya ne. Na tsayawa kuwa ba za ka san iyakarsa ba sai ranar da ka neme shi, a tsakiyar gangare ko a gaban yaron da ya tsallako titi, kuma a wannan lokacin babu damar gyara.

Abin da na gani a Hawan Kibo

Mun taso daga Jos da hantsi, mu huɗu, za mu Akwanga cikin jif mai giyar otomatik, da janareta ɗaure a kan ƙaramar tirela marar birki. Direbanmu ba yaro ba ne, ya daɗe a kan sitiyari. Da muka fara gangarowa Hawan Kibo sai ya bar giya inda take, ya ɗora ƙafa kan birki yana dannawa a hankali, ba ya ɗagawa. Tafiya ce mai daɗi, ba gudu, ba girgiza. Can sai wani wari ya cika motar, kamar ana ƙona roba da gashi.

Dattijon da ke gaba ya ce, "Malam, wani abu fa na ƙonewa."

Direba ya ce, "Ba mu ba ne, Alhaji. Babbar motar nan ce ta gabanmu."

Ba a yi minti biyu ba na ga ƙafarsa ta nutse har ƙasa, ya yi salati. Motar ta ci gaba da tafiya kamar ba a taka komai ba, janareta na tunkuɗo mu ta baya. Allah ya sa bai ruɗe ba. Ya shiga bugun birki da sauri da sauri, ya jawo giya zuwa 2, sannan zuwa L, inji ya yi wata irin ƙara, ya riƙa ɗaga birkin hannu kaɗan-kaɗan har ya samu gefen da akwai tudun ƙasa ya goga motar a jiki. Muka tsaya. Da muka fito, tayoyin gaba hayaƙi suke yi, ba mai iya kai hannu kusa da su.

Abin da ya fi ba ni tsoro ya zo daga baya. Bayan mun zauna kamar minti arba'in, direba ya taka birki ya ji ya dawo daram. Ya ce, "Ai ya gyaru." Da ba don dattijon nan ya ƙi ba, da mun ci gaba da gangarowa a kan birkin da ya riga ya ci amanarmu sau ɗaya. Wannan dawowar ita ce ke yaudarar mutane. A kai mota gareji, bakanike ya taka ya ji lafiya lau, a ce tsautsayi ne kawai, a ci gaba da harka har ranar da za a maimaita.

Yadda birki ke mutuwa

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Takalmin birki yana matse faifan ƙarfen da ke juyawa da taya, gogayyar ta haifar da zafi, iska ta kwashe shi. An auna girman faifan da takalmin ne daidai da nauyin motar da abin da aka yarda ta ɗauka. Idan ka ƙara tan guda a baya, wanda ba shi da birkin kansa, faifan nan dai su ne za su sha zafin duka.

A lissafa a gani. Jif mai nauyin kilo 2,000 da tirela mai kilo 1,000, idan suka sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 500 kuma aka bar wa birki aikin shi kaɗai, zafin da zai fito ya kusa isa ya tafasa ruwa lita 45, wato kusan jarka biyu. Duk wannan wuta a cikin faifai huɗu za ta shiga, kuma na gaba ne ke ɗaukar kaso mafi yawa. Garin Jos yana kan tsayin mita kusan 1,200 daga teku, tsaunin Mambila ya fi haka. Duk wanda ya sauko daga waɗannan wurare da kaya a baya, wannan lissafin a kansa yake.

Idan zafi ya yi yawa, abu biyu ke faruwa. Na farko, takalmin birki ya yi santsi, ya daina kamawa. Za ka ji birkin da tauri a ƙafarka, kana takawa da ƙarfi, amma motar ba ta rage gudu. Na biyu ya fi muni: man birki ya tafasa. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa idan ka taka ƙarfin ƙafarka ke isa taya. Tururi kuwa yana matsuwa, don haka da zarar man ya tafasa sai birki ya yi laushi ya tafi ƙasa, ba abin da ya isa taya. Da ya huce sai tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar ba a yi ba. Abin da ya same mu ke nan.

Ka dubi murfin kwalbar man birkinka, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan danshin iska a hankali. Idan ruwan da ya sha ya kai wajen kashi huɗu cikin ɗari, DOT 3 zai iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Mu kuwa a nan ƙari muke yi, ba ma canzawa. Akwai motocin da suka shigo daga Kwatano da man birkin da aka zuba tun a Turai, suka yi damina biyar a hannunmu, ba wanda ya taɓa juye shi. Irin wannan mota za ta yi ta zirga-zirga a Kano ko Zariya ba matsala, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ranar da ta haɗu da gangare da kaya a baya asirinta zai tonu.

Ko a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ma ba ka tsira ba. Tayoyi huɗu ne ke riƙe ƙasa idan ka taka birki, na tirela kuwa gungurawa kawai suke yi. Motar da ke tsayawa cikin mita 40 ita kaɗai, idan tana jan rabin nauyinta marar birki, za ta iya kaiwa kusan mita 60. Ƙarin mita 20 ɗin nan tsawon motoci huɗu ne a jere. Kuma idan ka ninka gudu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa.

Ka san nauyin abin da kake ja

Yawancinmu da ido muke auna kaya. Ido kuwa ba sikeli ba ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 tan guda ne cif, ban da nauyin tankin da na tirelar da ke ɗauke da shi. Buhun siminti ko na taki kilo 50 ne, guda 15 sun kai kilo 750. Buhun masara babba kilo 100 ne. Tankin da bai cika ba ya fi cikakke haɗari, domin idan ka taka birki ruwan zai taho gaba gaba ɗaya ya buga, ya tura motar a daidai lokacin da kake son ta tsaya.

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkin kanta. A Amurka kowace jiha da dokarta, da yawa sun tsayar da iyaka a fam 3,000, wato wajen kilo 1,360, amma Kalifoniya ta ce ɗakin tafi-da-gidanka da ya kai fam 1,500 sai da birki. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da motoci irin su Highlander a Amurka ya fi doka tsanani, domin ya tsayar da tirela marar birki a fam 1,000, wajen kilo 450.

A nan ake samun ruɗani. Mutum zai ji an ce Highlander mai silinda shida tana jan fam 5,000, ko Land Cruiser tana jan kilo 3,500, sai ya riƙe wannan adadi. Wannan kuwa na tirela mai birki ne. Ita Land Cruiser ɗin, da girmanta da komai, iyakarta da tirela marar birki kilo 750 ne. Ƙaramar jif Honda CR-V ta Amurka, fam 1,500 ne iyakarta gaba ɗaya, wato kilo 680. Sannan mutanen da ke cikin mota da kayan da ke but duk suna cikin lissafi. Tirelolin da masu walda ke ƙera mana a bakin hanya da tsohon gatarin mota, kusan dukkansu ba su da birki, wasu ko fitilar baya babu.

Firi a gangare kisan kai ne

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, direbobi da yawa sun koma sakin mota a firi idan sun zo gangare, wasu har kashe inji suke yi, wai don a rage shan mai. Mai jan kaya da ya yi haka ya jefar da babban mataimakin birkinsa. Idan mota tana cikin ƙaramar giya kuma ka ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa yake riƙe ta, zafin ya bi ta inji da salansa ya fita. A firi babu wannan. Kuma motocin zamani suna yanke mai ne idan suna gangarowa cikin giya ba a taka totur ba, don haka ko ribar da ake nema babu ita.

Kashe inji ya fi wannan muni. Tukunyar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi a kan birki da inji take aiki. Inji na mutuwa, taku biyu ko uku ya rage maka, daga nan birki ya zama kamar dutse. Sitiyari ma ya yi tauri, in kuma ka juya makulli har ƙarshe yana iya kullewa.

Wannan ne ya sa jan matacciyar mota da igiya yake da haɗari matuƙa. Wanda ke cikin motar baya yana zaune ne da birki mai tauri da sitiyari mai nauyi, taku kaɗan tsakaninsa da motar gaba, ba ya ganin abin da ke tafe. Sau da yawa ma yaron gareji ake sakawa a ciki. Motar da ake ja kuma takan kai tan ɗaya da rabi ko fiye, ninki biyu na abin da aka yarda a ja ba birki. In hanyar tana da gangare, ko tafiyar tana da nisa, ko dare ya yi, a nemi janwe. Kuɗin janwe bai kai kuɗin asibiti ba. In kuma ba makawa sai an matsar da motar daga kan titi, a yi amfani da sandar ƙarfe maimakon igiya, a sa gogaggen direba a baya, a bar makulli a buɗe, a tafi kamar ana rakiyar amarya.

Ga masu ɗakin tafi-da-gidanka

Kai da ke Amurka ko Turai, kada ƙanƙantar ɗakin ta ruɗe ka. Nauyin da dillali ya gaya maka na ɗakin ne fanko. Ka zuba ruwa a tanki, ka ɗora tukunyar gas da batir da abinci da kekunan yara, sai ka ga ƙarin ɗaruruwan kilo. Ka hau sikelin manyan motoci ka auna kafin tafiyar farko.

In ɗakin yana da birkin lantarki, ba zai yi aiki ba sai an sa wa motarka na'urar da ke ba shi umarni, an kuma haɗa soket mai baki bakwai. Mutane da yawa sun yi ta ja suna zaton akwai birki a baya, alhali waya ce kawai ba a jona ba. Ka gwada a filin da ba kowa: kana tafiya a hankali, ka danna maɓallin na'urar da hannu ba tare da taka birkin mota ba. In ba ka ji an riƙe ka ta baya ba, birkin ba ya aiki. Ka kuma tabbata ka ɗaura siririyar wayar nan da ke kama birkin ɗakin idan ya ɓalle daga mota. A Ingila mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a awa a babbar hanya, mil 50 a hanyar da ba a raba ta biyu ba. A Kalifoniya mil 55 ne.

Kafin ka tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buɗe littafin motarka ka ga adadi biyu, na tirela mai birki da na marar birki, ka tsaya ƙasa da wanda ya shafe ka. In kayan ya wuce, ka raba shi sawu biyu ko ka ɗauki hayar motar da aka yi don wannan aiki.

Ka sa a juye man birki gaba ɗaya in ya wuce shekara biyu ko ba ka san ranar da aka zuba shi ba, a fitar da iska, a sa irin wanda aka rubuta a murfi, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Ka sa a cire taya a duba kaurin takalmin birki da lafiyar faifai, ka guji takalmi mai arha wanda ba a san asalinsa ba. Kada ka yarda wani bakanike ya tsaga bututun man birkin motarka wai zai kai wa tirela, domin in ya ɓalle ka rasa duka biyun.

Wajen lodi, kashi 60 cikin ɗari na kaya ya zauna gaban gatarin tirela, yadda nauyin da ke danna ƙugiyar mota zai zama wajen kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar. In nauyi ya koma baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya. In ya yi yawa a gaba, zai ɗaga hancin mota, tayoyin gaba su rage riƙon ƙasa, kuma su ne ke da sitiyari da mafi yawan birki. Ka ɗaure kaya kada ya motsa, ka sa sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiya, ka duba iskar taya da fitilun baya.

A kan hanya

Ka ninka tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba. In ka doshi gangare, ka rage gudu ka sa ƙaramar giya tun kana sama, kafin nauyi ya fara turo ka. Giyar da za ka hau tudun da ita, da ita za ka sauko. Mai otomatik ya jawo zuwa 3, ko 2, ko L. Ƙarar inji kada ta dame ka, aikinsa yake yi. In gudu ya ƙaru, ka taka birki sosai na ɗan lokaci har ya ragu, sannan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ka bar shi ya sha iska. Ɗora ƙafa a kai ba ɗagawa shi ne ke dafa shi.

In ka ji wari, ko birki ya fara laushi, ko sai ka ƙara ƙarfi kafin ya kama, ko sitiyari na rawa idan ka taka, ka nemi wuri ka tsaya nan take. Ka sa weji ko dutse a taya. Kada ka watsa wa faifai ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka bar shi ya huce da kansa, kuma ka sani man da ya tafasa sau ɗaya ya gama aiki, sai an canza.

In tirela ta fara kaɗa wutsiya, kada ka danne birki, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ka riƙe shi miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur, gudu ya ragu da kansa.

In kuma birki ya tafi ƙasa, kada ka kashe inji. Ka yi ta bugunsa da sauri, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga birkin hannu a hankali yatsanka na kan maɓallinsa, ka kunna fitilun haɗari ka danna oda. Ka nemi tudu, ko yashi, ko ciyawa, ko gefen da za ka goga motar. Gara ƙofa ta lotse da a ɗauki gawa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ita ce 122. Ka ajiye ta a wayarka yau.

Kira

Iyayen gida masu aika direba, in ya ce muku kayan ya yi wa motar yawa, ku saurare shi, kada ku ce ragwanci ne. Shi ne ƙafarsa ke kan birki. Masu walda, ku riƙa gaya wa mai saye iyakar abin da tirelarku za ta ɗauka, ku sa mata fitila da sarƙa. Bakanikai, ku riƙa tambayar ranar da aka canza man birki, ba matakinsa a kwalba kawai ba. Fasinja kuma, in ka ji wari ka yi magana, in an ce ba komai ka sake yi. A motarmu dattijo ɗaya ne ya ƙi yin shiru, kuma ta dalilinsa ne, bayan ikon Allah, muka kwana a gidajenmu.

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba, a tasha, a gareji, a majalisa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.